Lita 42 na Ruwa da Tazarar Maikromita 30: Alƙaluman Musaya Tsakanin Jini da Ƙwayoyin Jiki

Jikin namiji baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa lita 42, wato kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. A kan wannan adadi littafin Guyton da Hall, wanda ake koyar da ɗaliban likitanci aikin sassan jiki da shi, ya gina lissafinsa. A jikin mace adadin yakan sauka zuwa wajen kashi 50, saboda kitse ba ya riƙe ruwa kamar yadda tsoka ke riƙewa. A jikin jariri sabuwar haihuwa yakan kai kashi 70 zuwa 75.

Ruwan ya kasu gida uku. Lita 28, wato biyu bisa uku, suna cikin ƙwayoyin jiki. Lita 11 suna kwance a tsakanin ƙwayoyin, sun kewaye su. Lita 3 kacal ke cikin jijiyoyi a matsayin ruwan jini, wanda ake kira filasma. Abin da wannan rabo ke nufi shi ne jini ba ya taɓa ƙwayoyin da yake ciyarwa. Duk abin da zai tashi daga jini zuwa ƙwayar tsoka ko ta ƙwaƙwalwa sai ya ratsa bangon jijiya, ya bi ta cikin waɗannan lita 11, sannan ya ratsa fatar ƙwayar. Dattin da ƙwayar ta fitar ma ta nan yake komawa.

Jinin da ke yawo a jikin wannan mutum lita 5 ne: lita 3 na filasma da lita 2 na ƙwayoyin jini. Idan yana hutawa, zuciyarsa tana harba kimanin lita 5 a minti ɗaya, wato jinin gaba ɗaya yana zagaya jiki sau ɗaya a kowane minti. A awa 24 hakan ya kama lita 7,200. Wannan adadi aka fi ambata idan ana maganar zuciya, amma akasarin hanyar da jinin ke bi ta wucewa ce kawai. Rabon da Guyton da Hall suka bayar ya nuna kashi 64 na jini yana cikin jijiyoyin da ke komar da shi zuciya, kashi 13 cikin masu fitar da shi, kashi 9 a huhu, kashi 7 cikin zuciyar kanta. Ragowar kashi 7 yana cikin ƙananan rassa da siraran jijiyoyi na ƙarshe, waɗanda ake kira kafilari.

Wani littafin wannan fanni, na Ganong, ya ware kafilari kaɗai ya ba su kashi 5 cikin 100 na jinin jiki. Mililita 250 ke nan, rubu'in lita. A cikin wannan rubu'in lita ake musayar iska da abinci da datti, kuma dominsa ake bugun zuciya da numfashi da narka abinci.

Jinin ba ya daɗewa a wurin. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, aota, faɗin bakinta murabba'in santimita 2.5 ne, jini kuma yana gudu a cikinta santimita 33 a daƙiƙa. Idan aka haɗa bakin dukkan kafilari wuri ɗaya, faɗin ya kai murabba'in santimita 2,500, ninki 1,000 na aota. Jinin da ya fito ta ƙofa ɗaya ya bazu a kan fili mai ninki 1,000, saurinsa ma ya ragu da ninki 1,000, ya koma milimita 0.3 a daƙiƙa, kamar ruwan kogi da ya fita daga kwari ya shimfiɗu a fadama. Tsawon kafilari ɗaya milimita 0.3 zuwa 1 ne. Saboda haka jini yana zama a ciki daƙiƙa 1 zuwa 3, kuma cikin wannan lokaci ake gama duk abin da za a yi.

Lokacin yana isa ne saboda gajartar tazara. Guyton da Hall sun ƙiyasta yawan kafilari a biliyan 10, da faɗin bango murabba'in mita 500 zuwa 700, sun kuma ce da wuya a sami ƙwaya mai aiki da ta yi nisan da ya wuce maikromita 20 zuwa 30 daga kafilari mafi kusa da ita. Maikromita ɗaya shi ne ɗaya bisa 1,000 na milimita. Daga bangon jijiya zuwa ƙwaya babu famfon da ke tura komai. Abubuwa suna bazuwa ne da kansu, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi kaɗan. Adolf Fick ya tsara dokar wannan bazuwa a 1855, Albert Einstein kuma ya nuna a 1905 cewa lokacin da take ci yana ƙaruwa ne da murabba'in tazara: idan tazara ta ninka 10, lokaci ya ninka 100. Bisa saurin bazuwar iskar oksijin cikin ruwa, ƙetare maikromita 10 yana cin ɗaya bisa 40 na daƙiƙa. Milimita ɗaya yana cin minti 4, santimita ɗaya awa 7, mita ɗaya kuwa shekara 8. Wannan lissafi shi ya tilasta wa jiki biliyoyin jijiyoyi: dole ne zuciya ta kai jini har bakin ƙofar kowace ƙwaya, domin bazuwa ba ta da amfani sai a maikromita na ƙarshe.

William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini a 1628 ba tare da ya ga waɗannan jijiyoyi ba. Marcello Malpighi na Italiya ne ya gan su a huhun kwaɗo a 1661, bayan shekara 33. Akwai kuma adadin da ya kamata a yi hattara da shi. An daɗe ana maimaita cewa tsawon jijiyoyin jinin mutum kilomita 100,000 ne. Asalinsa ƙiyasin August Krogh ne, masanin ƙasar Denmak da ya sami kyautar Nobel a 1920 kan aikin kafilari, kuma ya gina shi ne a kan mutum mai tsoka kilo 50. David Poole da abokan aikinsa sun sake lissafin a 2021 suka sami kilomita 9,000 zuwa 19,000. Tsohon adadin ya ninka sabon sau 5 zuwa 11, kuma har yanzu shi ke yawo a littattafan makaranta.

Kaurin bangon kafilari maikromita 0.5 ne, ƙwaya ɗaya tak. Faɗin cikinsa maikromita 4 zuwa 9. Jar ƙwayar jini kuwa faɗinta kusan maikromita 8 ne, saboda haka a wurare da dama sai ta lanƙwashe ta matse kafin ta wuce, ɗaya bayan ɗaya. Matsewar tana da amfani, domin tana manna ƙwayar da bango ta rage wa oksijin tafiya. Tana kuma bayyana ciwon sikila. Ƙwayar mai sikila takan sandare ta lanƙwashe kamar lauje idan ta saki oksijin, ta kasa matsewa, ta toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa iska. Ciwon ƙashi da gaɓoɓi da ke kwantar da masu sikila daga nan yake tasowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce kashi 24 cikin 100 na mutanen Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon cutar, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a ƙasar a kowace shekara.

Hanyoyi biyu ne a bangon. Abin da ke narkewa cikin mai, kamar oksijin da iskar kabon dayoksaid, yana ratsa jikin ƙwayoyin bangon kai tsaye, ko'ina. Abin da ke narkewa cikin ruwa, kamar gishiri da suga, sai ya bi ta tsagar da ke tsakanin ƙwayoyin. Faɗin tsagar nanomita 6 zuwa 7 ne, nanomita kuwa ɗaya bisa 1,000 na maikromita ne, kuma duka tsagogin ba su wuce ɗaya bisa 1,000 na faɗin bangon ba.

John Pappenheimer na Jami'ar Harvard ya auna abin da ke wucewa ta waɗannan tsagogi a tsoka, ya wallafa a 1953. Idan aka ba ruwa maki 1, gishiri yana da 0.96, sinadarin yuriya da hanta ke haɗawa daga ragowar furotin 0.8, sugan gulukos 0.6. Daga nan alƙaluman suke faɗuwa gwargwadon girman abu: furotin mayogulobin 0.03, himogulobin 0.01, albumin 0.001. Tsakanin gishiri da albumin akwai bambancin kusan ninki 1,000. Bangon a buɗe yake ga ƙananan abubuwa, kusan a rufe yake ga furotin, kuma a kan wannan bambanci ma'aunin ruwan jiki ya dogara.

Yawan abin da ke kai-kawo ya zarce yawan jinin da ke wucewa. Guyton da Hall sun ce ruwa yana bazuwa ta bangon kafilari da saurin da ya ninka tafiyar filasma a cikin jijiyar sau 80. Wato kafin filasma ya fita daga kafilari, ruwansa ya yi musaya da ruwan waje sau 80. Abin da ya fita kusan daidai yake da abin da ya shiga, saboda haka yawan ruwan kowane ɓangare bai canja ba, amma abin da ke cikinsu ya gauraya. Shi ya sa gwajin gishiri ko suga a jinin da aka ɗiba daga hannu yake ba da labarin ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki baki ɗaya.

Oksijin shi ne kaya mafi gaggawa, kuma yawan masu dakonsa ya nuna haka. Ron Sender da Shai Fuchs da Ron Milo sun ƙirga ƙwayoyin jikin mutum a 2016 suka sami tiriliyan 30, kashi 84 cikin 100 jajayen ƙwayoyin jini ne. Ƙwayoyi 5 cikin kowane 6 ke nan. Kashi 97 na oksijin da ke cikin jini yana maƙale da himogulobin na waɗannan ƙwayoyi, kashi 3 ne kawai ke narke a filasma. Giram ɗaya na himogulobin yana ɗaukar mililita 1.34, mai giram 15 a kowane mililita 100 na jini yana ɗauke da kusan mililita 20.

Abin da ke tura iskar shi ne bambancin matsi, wanda ake aunawa da mmHg, ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Matsin oksijin a jinin da ya iso kafilari 95 ne. A ruwan tsakanin ƙwayoyi 40 ne, a cikin ƙwaya kuma matsakaicinsa 23, alhali ƙwayar 1 zuwa 3 kawai take bukata don ta yi aiki. Gangaren daga 95 zuwa 23 shi ke jan iskar ciki. Jini yakan shigo da mililita 19.4 ya fita da 14.4, ya bar mililita 5 daga kowane mililita 100, wato rubu'in abin da ya kawo. A jiki gaba ɗaya hakan ya zama mililita 250 a minti. Kashi 75 da ya rage ajiya ce: tsokar da ke aiki tuƙuru takan zare kashi 75 zuwa 85.

Ƙarancin jini wannan ajiya yake cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa himogulobin da ya gaza giram 7 a matsayin ƙarancin jini mai tsanani ga mai juna biyu da yaro ɗan ƙasa da shekara 5. A giram 7, mililita 100 na jini yana ɗaukar oksijin mililita 9.4. Ƙwayoyin jiki ba su rage bukatarsu ta mililita 5 ba, saboda haka sai a zare fiye da rabi tun mutum yana zaune, ko zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Haki da bugun zuciya da mai ƙarancin jini ke yi bayan ɗan taku kaɗan fassarar wannan lissafi ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya sami ƙarancin jini, na kowane mataki, a kashi 68 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49.

Kabon dayoksaid tana komowa da gangare kaɗan: 46 a cikin ƙwaya, 45 a ruwan tsakani, 40 a jinin da ya iso. Bambancin 1 tsakanin ƙwaya da wajenta ya isa, domin tana bazuwa da saurin da ya ninka na oksijin sau 20.

Ban da bazuwa akwai tsatsafowar ruwa, kuma a nan alƙaluman suka fi bukatar natsuwa. Ernest Starling ya bayyana a Landan a 1896 cewa ƙarfi biyu ke ja-in-ja a bangon kafilari: matsin jini yana tura ruwa waje, furotin ɗin da ya kasa fita yana jan sa ciki. Eugene Landis ya auna na farkon a 1930 ta hanyar soka siririn gilashi cikin kafilari na gindin farcen mutum. Ya sami 32 mmHg a mashiga, 12 a mafita. Ƙarfin jan furotin kuwa 28 ne a lissafin Guyton da Hall, kuma daga cikinsa albumin, wanda hanta ke haɗawa, ya ba da 21.8, kusan kashi 80 cikin 100.

Da suka haɗa matsakaicin kowane ƙarfi, masu turawa waje sun kama 28.3, mai ja ciki 28.0. Bambancin 0.3 mmHg ne, kusan kashi 1 cikin 100 na kowane ɓangare. Wannan ɗan rinjaye yana fitar da mililita 2 a minti daga jijiyoyin jiki duka, ban da na ƙoda, wato kusan lita 3 a yini. Idan aka gwada da lita 7,200 da zuciya ke harbawa, ɗaya bisa 2,500 ne. Amma idan aka gwada da filasma, daidai yake da shi gaba ɗaya: abin da ke tsiyayewa a yini ɗaya ya kai duk ruwan jinin da mutum yake da shi. Gwaji na biyu shi ne mai muhimmanci.

Hanyoyin limf ne ke kwashe wannan ruwa su mayar da shi cikin jini a gindin wuya, mililita 120 a awa bisa ƙiyasin Guyton da Hall. Tare da ruwan suna kwaso furotin da ya silale, wanda ba shi da wata hanyar komawa. Littafin ya ce in da wannan aiki zai tsaya, mutum ba zai wuce kimanin awa 24 ba.

Shekaru da dama an koyar da cewa ruwa yana fita a mashigar kafilari, akasarinsa kuma ya koma a mafita. Littafin OpenStax na Jami'ar Rice, alal misali, ya ba da lita 24 da ke fita a yini, lita 20.4 da ke komawa, lita 3.6 da ke bin limf. Rodney Levick da Charles Michel sun tattara gwaje-gwajen da suka saɓa wa wannan a 2010. A cikin bangon kafilari akwai wani shafi na zaruruwan suga da furotin, gilaikokalis, kuma shi ne matatar ta ainihi. Saboda shi, a akasarin sassan jiki ruwa ba ya komawa ta mafita a yanayi na yau da kullum, sai na ɗan lokaci, kamar bayan zubar jini. Sabon lissafin ya ce kimanin lita 8 ke fita a yini, dukkansu suna shiga limf, kusan rabi ya koma jini a cikin kaluluwa, ragowar lita 4 kuma ta manyan hanyoyin limf. A tsohon lissafi limf yana ɗaukar kashi 15 na abin da ya fita. A sabon yana ɗaukar kusan duka. Bayanin Levick da Michel ya fi dacewa da abin da aka auna, kuma ya ɗaga matsayin limf daga mataimaki zuwa babbar hanyar komawa.

Waɗannan duka matsakaita ne, kowace gaɓa kuwa da irin bangonta. Ƙoda ce ta fi kowa nisa da matsakaicin. Nauyin ƙodoji biyu kashi 0.4 ne na jiki, amma suna karɓar kashi 22 na jinin da zuciya ke harbawa. Matsi a matatunsu 60 mmHg ne, bangon kuma yana da ramuka, saboda haka suna tace mililita 125 a minti, lita 180 a yini. Filasma lita 3 yana bi ta matatar sau 60 ke nan. Fitsari lita 1.5 ne, fiye da kashi 99 ya koma jini. Tare da ruwan ana tace gulukos giram 180 a yini, a kuma mayar da shi duka, muddin sugan jini bai haura wajen miligiram 180 zuwa 200 a mililita 100 ba. In ya haura, ragowar yana fita a fitsari yana jan ruwa, wanda shi ne tushen yawan fitsari da ƙishirwa ga mai ciwon suga.

A hanta ramukan sun fi faɗi har furotin yana wucewa: limf ɗinta yana da giram 6 a mililita 100, kusa da giram 7.3 na filasma, alhali na akasarin sassan jiki giram 2 ne. Huhu kuwa yana zaune a bushe ne saboda matsin kafilarinsa 7 ne kawai, ya bar ratar 21 kafin ya kai 28 na jan furotin.

Ƙwaƙwalwa tana ɗaya ƙarshen. Nauyinta kashi 2 ne na jiki, tana karɓar kashi 15 na jini da kashi 20 na oksijin, amma ƙwayoyin bangon jijiyoyinta a ɗinke suke, babu tsaga. Gulukos ma sai ta wata ƙofa ta musamman yake shiga. William Pardridge ya ƙiyasta a 2005 cewa fiye da kashi 98 na magunguna masu ƙananan ƙwayoyin sinadari ba sa ƙetare wannan shinge, manyan kuwa kusan babu mai ƙetarewa. Katangar da ke kare ƙwaƙwalwa daga guba ita ke taƙaita magungunan da za a iya yaƙar cututtukanta da su.

Bango na biyu, fatar ƙwaya, kaurinsa nanomita 7.5 zuwa 10 ne, kuma ya fi na farko tsauri. A wajen ƙwaya sodiyam 142 ne a ma'aunin milimol cikin lita, fotasiyam 4. A ciki sodiyam 10 zuwa 14 ne, fotasiyam 140. Bazuwa kaɗai da ta shafe wannan bambanci. Wani famfo ne a fatar yake riƙe da shi, yana fitar da sodiyam 3 yana shigo da fotasiyam 2 a kowane juyi. Jens Skou na Denmak ya gano shi a 1957, ya sami kyautar Nobel a 1997. David Rolfe da Guy Brown sun ƙiyasta a 1997 cewa yana cin kashi 19 zuwa 28 na makamashin da ƙwayoyi ke kashewa a lokacin hutu. Wajen rubu'in abincin mutumin da ke kwance yana tafiya ne wurin tsare gishiri a waje. Ruwa kuwa yana da ƙofofinsa, akwaforin, waɗanda Peter Agre ya gano a 1992, kowace tana wuce da ƙwayoyin ruwa biliyoyi a daƙiƙa.

Gulukos yana nuna ƙanƙantar ajiyar jini. David Wasserman ya lissafa a 2009 cewa duk sugan da ke yawo a jinin mutum mai kilo 70 giram 4 ne, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin wajen giram 120 a yini, ninki 30 na abin da ke cikin jini a kowane lokaci. Jini hanya ce, hanta ke zuba masa daidai abin da aka ɗiba. Tsokar da ke hutawa kuwa ƙofofinta na suga a ɓoye suke cikin ƙwaya har sai insulin ya fito da su, kuma Guyton da Hall sun ce yakan ƙara shigar suga aƙalla ninki 15. A ciwon suga gulukos yana ratsa bangon kafilari lafiya, a bango na biyu yake tsayawa.

Bangayen biyu su ke yanke inda ƙarin ruwan asibiti zai tafi. Ruwan gishiri mai kashi 0.9 yana ratsa kafilari amma famfon sodiyam yana hana shi shiga ƙwaya, saboda haka yana rabuwa a ruwan wajen ƙwayoyi kaɗai. A lissafi, daga leda mai lita ɗaya kimanin mililita 210 ne ke zama a jijiya, 790 su koma tsakanin ƙwayoyi. Ruwan suga mai kashi 5 kuwa, da zarar an ƙone sugan, ruwa ne zalla da ke shiga ko'ina, mililita 70 kawai ke zama a jijiya. Shi ya sa ba shi ake ɗaura wa wanda ya zubar da jini ba.

Filin tsakanin ƙwayoyi yana da iyakar abin da zai ɗauka kafin kumburi. Guyton da Hall sun lissafa kariyar a 17 mmHg: 3 daga taurin naman, 7 daga ƙaruwar gudun limf, wanda kan ninka 10 zuwa 50, 7 kuma daga wanke furotin da ke wajen jijiya. Matsin kafilari zai iya ninkawa kusan biyu kafin ƙafa ta kumbura. Tsayuwa wuri ɗaya tana wuce wannan iyaka: matsi a jijiyoyin ƙafar wanda ya tsaya cak yakan kai 90 mmHg, na mai tafiya kuwa bai kai 25 ba, domin tsokar ƙwauri tana matsa jinin sama a kowane taku. Fasinjan da ya kwana zaune a mota daga Kano zuwa Legas, ya sauka takalmi ya matse shi, tsokar ƙwaurinsa ce ba ta yi aiki ba.

Ɓangaren furotin ma yakan gaza. Idan furotin ɗin filasma ya sauka ƙasa da giram 2.5 a mililita 100, kamar a ciwon ƙodar da ke zubar da shi a fitsari, jiki duka yakan kumbura. Cicely Williams ta bayyana tamowa mai kumburi, kwashiyoko, a 1933 tsakanin yaran ƙasar da yanzu ake kira Gana. Albumin ɗin waɗannan yara yakan yi ƙasa, ko da yake masana sun nuna cewa ba shi kaɗai ke jawo kumburin ba. Gwajin da ma'aikatan lafiya ke yi ba ya bukatar na'ura: a danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa 3, a ɗaga. Idan rami ya zauna a duka biyun, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu tamowa mai tsanani ko nawa ne nauyinsa, domin ruwan da ya taru yana ƙara wa sikeli nauyin da ba na tsoka ba.

Hanya ta uku zuwa kumburi, bayan hawan matsi da raguwar furotin, ita ce toshewar limf. Tsutsar da sauro ke yaɗawa tana zama cikin hanyoyin limf shekara 6 zuwa 8 tana lalata su, ruwa da furotin su taru a ƙafa ko maraina, a sami tundurmi ko gwaiwa. Ƙiyasin farko na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna maza miliyan 25 masu gwaiwa da mutum fiye da miliyan 15 masu kumburin gaɓa a duniya. Zuwa 2018 masu ɗauke da tsutsar sun ragu zuwa miliyan 51, raguwar kashi 74 cikin 100 daga shekarar 2000 da aka fara shirin rabon magani. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar da ke cikin jini ya katse yaɗuwa, amma ba ya gyara hanyar limf da ta riga ta lalace, kuma hukumar ta ce aƙalla mutum miliyan 36 suna nan da kumburin.